Malam Lauwali da Rakiyar 'Yan Midil

Malam Lauwali mutumin Kwargaba ne, ɗan manomin albasa. Yana ƙarami aka aiko daga gidan hakimi cewa kowace unguwa ta ba da yaro a kai makarantar boko. Masu hali suka ɓoye nasu a gidajen dangi. Mahaifinsa kuwa ba shi da mai tsaya masa, don haka aka kama hannun Lauwali a bakin jigo, ƙafafunsa duk laka, aka tafi da shi. Uwarsa ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. To, abin da aka ɗauka hasara ce shi ya zama hanyar abincinsa. Ya gama elementare, ya yi Midil a Sakkwato, aka koya masa aikin malanta, En'e, wato hukumar sarki, ta ɗauke shi ta tura shi wata makaranta a ƙasar Rabah, can wajen Gandi, mai ajujuwa huɗu na ƙasa da wani tsohon gawo a tsakiyar fili.

Hedimastan da ya tarar sunansa Malam Maccido, wani gajeren dattijo mai ciwon gwiwa da yawan barkwanci. Bai daɗe yana kallon aikin Lauwali ba, wata rana ya kira shi gindin gawon nan, ya zaro mabuɗan ɗakin kaya daga aljihu ya danƙa masa, ya ce, "Daga yau kai na malami na biyu. Ƙananan malamman ga biyu suna hannunka. Abin da kag ga ya dace, yi shi. In ka ɓata ka zaka mu gyara. In ba ka ɓata ba, kak ka tashe ni."

Maganar ke nan, babu ƙari. Amma Lauwali ya ɗauke ta kamar an naɗa masa rawani. Shi ne mai fara zuwa, shi ne mai rufe ƙofa. Ya roƙi wani fegi a bakin fadama ya yi wa makaranta lambu, yara suka koyi dashen albasa a hannunsa har suna kai iri gida. In ƙananan malamai sun yi saɓani, a zaurensa ake kashe maganar kafin ta kai kunnen Malam Maccido. Ya yi kuskure ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da ya yi, da ƙafarsa yake zuwa ya faɗa, don ya san ba za a tona masa asiri a gaban na ƙasa da shi ba. A waɗannan shekaru ya auri Khadijatu, 'yar wani maɗinki daga Goronyo. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, ana jin dariyarsa tun daga bayan katanga.

Amma aikin da ya fi so duk shekara shi ne rakiya. Yaran da suka gama aji huɗu kuma aka zaɓe su, sai a kai su Sakkwato su shiga Midil. Iyaye kuwa ba su ƙaunar wannan tafiya ko kaɗan, don a ganinsu yaron da ya kwana a makarantar Nasara ya fita hannu. Lauwali ne ke bi gida gida, ya zauna a tabarma, ya sha furar da aka kawo, ya ce, "Baba, dube ni. Can niy yi karatu. Na bar salla? Na mance noma?" Haka zai yi ta lallashi har a saki yaro. Ranar tafiya a ɗora akwatuna a kan jakai, shi yana gaba, yara na biye, su yada zango a Rabah, su ƙetare gulbi, har ya miƙa su hannu da hannu. In ya dawo sai ya sake zagaya gidajen ya ba kowace uwa labarin inda ɗanta zai kwana da abin da zai ci. Mutanen garin sun san shi da wannan fiye da yadda suka san shi da alli.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, gwiwar Malam Maccido ta ƙi, ya ajiye aiki ya koma gidansa a Wurno. Kowa ya ɗauka Lauwali ne zai hau. Shi bai ce komai ba, amma ya aika wa surukinsa a ɗinka masa sabuwar riga. Kafin rigar ta iso, sabon hedimasta ya iso.

Sunansa Malam Abdulƙadiri, dogo, mai agogon hannu da ƙarancin magana, kuma ya fi Lauwali zurfin karatu. Bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da wani saurayin malami, Mode, wanda tsohon ɗalibinsa ne, fari siriri mai keke. Abdulƙadiri ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne. Sai dai a makarantar da ya baro, mataimakinsa ya riƙa yi masa dariya da rana yana kai sukarsa wajen hakimi da Baturen ilmi, har aka ɗauke shi ba girma ba arziki. Tun daga nan ya ƙudura cewa duk wanda ya tarar a wuri, to, ba nasa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Rashin kujerar bai yi wa Lauwali zafi sosai ba. Ya ce wa kansa mutumin nan ya fi shi takarda, kuma rabo ba ya wuce mai shi. Abin da ya soke shi daga baya ya zo. A makon farko hedimasta ya ce a ba shi mabuɗan ɗakin kaya zai duba. Lauwali ya miƙa da hannu biyu. Washegari yana tsaye wajen faretin safe sai ya ji ƙarar da ya sani, ƙarar da ta shekara da shekaru tana fitowa daga aljihunsa. Ya waiga, sai ga ta tana fitowa daga aljihun Mode.

Ba a sauke shi ba. Har yanzu shi ne malami na biyu, haka ake kiransa. Amma in ya ce yaro kaza ba shi da lafiya shi ya sa bai zo ba, sai a tura Mode a kan keke ya gano ko haka ne. In ya tsara wa ƙananan malamai aikin mako, sai hedimasta ya karɓa ya ce zai nuna wa Mode tukuna. Yana cikin koyar da lissafi sai ya ga inuwa a bakin ƙofa, Abdulƙadiri ya shigo ya zauna a bayan aji, ya harɗe hannuwa, bai ce uffan ba, ya tashi ya fita. Lauwali da ke rera jadawalin sau da yara kamar waƙa, sai ga shi yana in'ina, allin yana karyewa a hannunsa. Ƙananan malamai kuwa sun fi kowa saurin gane inda iska ke kaɗawa. Zauren da suke cikawa da yamma ya koma sai kaji.

Da Mode mai girman kai ne da abin ya zo da sauƙi. Amma yaron nan har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, an tashi lahiya? Akwai abin da za a yi?" Wannan ladabi ya fi zagi ƙona Lauwali. Yakan zauna gindin gawo lokacin hutun ƙarfe tara, yana hango su biyu a barandar ofis, hedimasta da yaronsa, suna shan shayi suna magana da Turanci. Abdulƙadiri da ba ya dariya da kowa, ga shi yana dariya har yana dukan cinya. Lauwali ya riƙa tambayar kansa, me suke faɗi? Ni ne? Ya soma neman aibin Mode kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Hularsa ta cika karkata. Tafiyarsa ta 'yan birni ce. Kekensa ma ai ƙararrawarsa ta cika tsiwa.

Wata rana bayan an tashi, ya tsaya har fili ya watse, ya shiga ajin Mode. Darasin ranar na nan a allo ba a goge ba. Ya tsaya yana bin sa layi layi, yana addu'a a ransa ya tsinci kuskure ko na wasali ɗaya ne, wanda zai ambata gobe a gaban hedimasta kamar da wasa. Babu. Rubutun a miƙe yake kamar an ja shi da zare, bayanin kuma ya fi yadda shi yake yi sauƙi. Ya daɗe a tsaye. Da ya fito sai ya ji bakinsa ɗaci kamar ya tauna maɗaci.

Lambu ne ya fara mutuwa. Garemani da bokitai suna ɗakin kaya, kuma Lauwali ya gwammace albasa ta bushe da ya je ya ce wa Mode, ara mini mabuɗi. Bayan lambu sai jikinsa. Ciwon kai ya kama shi ba ya saki, riguna suka yi masa yawa. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma mai tsawa, yara suna ganinsa suna noƙewa. Har ma ya ɗauki halin da ke kashe shi, ya riƙa shiga ajin ƙananan malamai ya zauna a baya ya harɗe hannuwa. In ya yi kuskure yanzu sai ya binne shi, don ya san inda za a kai shi.

Khadijatu ta gaji da mayar da tuwo. Wata rana ta ajiye kwano ta zauna gabansa ta ce, "Malam, mi yaron ga yay yi maka?"

"Wane yaro?"

"Ka san wanda nika nuhi. Sunanai kaka kira ko cikin magagin barci. Ya zage ka? Ya kai ƙararka?"

Ya ce, "Bai yi mani komi ba."

Ta ce, "To shi na ciwon. Da ya yi maka, da ka rama ka huta. Ka tai ka iske Malam Babba Abdulƙadiri ka hwaɗa mai abin da ad damunka."

"In ce mai mi? In ce ya so ni?" Ya ture kwanon ya tashi.

Da lokacin rakiya ya matso, Lauwali ya ɗan farfaɗo. Wannan kam ba mai iya ƙwace masa, don ba a ɗakin kaya take ba, a zukatan iyaye take. Yaran bana kuma nasa ne, shi ya kama hannunsu suka rubuta baƙin farko, kuma rabon makarantar da samun masu kai irinsu an daɗe. Har ya sa an gyara masa takalmansa na tafiya. Sai ranar wata Alhamis hedimasta ya tara malamai ya ce, "Bana Malam Mode za ya kai yara Sakkwato. Malam Lauwali, kai ka tsaya ka kula da aji." Mode ya sunkuyar da kai. Lauwali ya ce, "To, Malam." Bai san yadda ya kai gida ba.

Labari bai kwana ba ya zaga gari. Bayan la'asar sai ga Baba Yari maƙeri, wanda iyayen yara suka saba turawa ya yi magana da bakinsu, ya yi sallama a zauren Lauwali. Suka gaisa, tsohon ya jingine sandarsa ya ce, "Malam, mun ji wai ba kai za ka kai ɗiyanmu ba. Wanga baƙo, mu ba mu san shi ba. Kai munka sani. In kac ce mu ba shi, mu ba shi. Mi kag gani?"

Lauwali ya san amsar. Ya san Mode ba zai bar yaro da yunwa ba, ba zai ƙetare gulbi da su in ruwa ya yi yawa ba. Kalma ɗaya ce, amintacce ne, kuma tana kan harshensa. Sai ya tuna ƙarar mabuɗan nan da dariyar baranda. Wato da bakinsa zai share wa Mode hanya, ya tafi ya dawo a yi ta sa masa albarka? Ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, ni ba a sa ni ba. Abin da ba a sa ka ba, ba ka da bakin magana cikinai. Ɗiyanku na, ku ad da iko da su."

Baba Yari ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Na ji, Malam." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Khadijatu na bayan zana, ta ji komai.

Ranar tafiya Mode ya fito da sassafe, jakai a ɗaure gindin gawo, guzuri a shirye. Hantsi ya yi, yara biyu kaɗai suka zo. Aka aika gidaje. Wannan an ce ya tafi gaida kakarsa, wancan ya bi shanu ruga, wani kuma wai zazzaɓi. Mode ya hau keke ya bi ƙofa ƙofa yana roƙo, ana ba shi ruwa ana ba shi haƙuri. Lauwali na kallo ta tagar ajinsa. Ba za a ɓoye ba, da farko wani sanyi ya ji a ransa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Yau dai ga ɗan gaban goshi yana zufa. Amma da ya ga jakai sun ɗaga da akwati biyu, ya juyo ya ga gurbin da sauran yaran suke zama, sai sanyin ya koma masa dutse a ƙirji. Midil ba ta jira. Wanda bai je bana ba, an ba wani gurbinsa.

Hedimasta ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Na san da hannunka ciki."

Lauwali ya ce, "Ban ce ma kowa ya ɓoye ɗanai ba. Tara su ka tambaya."

"Ba ka ce ba. Amma ba ka ce su kawo ba."

Nan abin da ya daɗe yana cinsa ya fashe. Ya ce, "Malam, ka amshe mabuɗi, ka amshe malammai, ka amshe rakiya. Bakina ɗai ar rage, shi ma kana so in ara ma yaronka? Tun da kaz zaka garin ga, ka taɓa ba ni wani abu ka ga ko ina ci maka amana?"

Abdulƙadiri ya kau da kai. Can ya ce, a hankali, "Na taɓa ba wani." Kowannensu ya ga raunin ɗan'uwansa a ranar, amma ba wanda ya iya miƙa hannu.

Da Mode ya dawo daga Sakkwato, gidan Lauwali ya fara zuwa, ko ƙurar hanya bai wanke ba. Ya durƙusa ya ce, "Malam, wallahi na roƙe shi ya bar ka ka tai, ko mu tai tare in koya. Ya ƙiya. Kana ganin ya yarda da ni? Sabon da munka yi na kawai. Ni ma in na dawo aike sai ya tambayi wani ko na je. Mabuɗan ga kuwa, sun hi dutsen niƙa nauyi gare ni."

Lauwali ya so wannan magana ta warkar da shi. Ba ta warkar ba. Ya dubi saurayin nan da aka kunyata a gaban gari saboda shi, ga shi ya zo ba ƙorafi ba zargi, sai ya ji wani sabon kishin ya taso, na wannan farar zuciya da shi ba shi da ita. Ya ce, "Ba komi, Malam Mode. Ka sha hanya, tai ka huta."

Baturen ilmi ya zo ya yi faɗa, hakimi ya kira iyaye ya yi nasa. Ba a kama kowa da laifi ba, amma kowa ya ga mutanen nan biyu ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Da kaka aka ce Lauwali ya tafi Kagara, a ƙasar Goronyo, ya buɗe sabuwar makaranta. A hanya ya biya Wurno ya gaida Malam Maccido, ya same shi kwance a zaure, ƙafa a kumbure. Tsohon ya riga ya ji komai. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Lauwali, kai na wanga? Na sake maka igiya ka yi ƙiba, an ja ta ka koma kara. Shi Abdulƙadiri ya yi kuskure, bai san doki ba. Amma yaran ga mi sunka yi maka?" Hawaye suka zubo wa Lauwali. Tsohon ya sa aka kawo masa fura, ya tsare shi sai da ya shanye.

A Kagara rumfar kara ya tarar da yara kaɗan. Ba mai leƙa shi, ba mai auna maganarsa. Sannu a hankali ciwon kan ya tafi, murya ta dawo, makaranta ta tashi daga rumfa ta koma ginin ƙasa. Da aka turo masa mataimaki ya sakar masa aiki, ko da yake Khadijatu ta ce sau da yawa takan gan shi ya nufi ajin mutumin, ya tsaya a tsakiyar fili, ya yi ta fama da kansa, sannan ya juyo. Yaran Kagara da yawa sun shiga Midil ta hannunsa. Waɗancan na wajen Gandi kuwa ba ya son a tayar da zancensu.

Labarin Mode yana iso shi ta bakin fatake ranar kasuwa. Mode ya tafi ƙarin karatu. Mode ya zama hedimasta. Mode ya zama malami mai zagaya makarantu. Duk lokacin da aka faɗa sai Lauwali ya ce, "Allah shi ƙara," kuma ranar ba ya cinye tuwonsa.

Ana gab da samun mulkin kai, zagaye ya kawo Mode Kagara a kan babur. Yara suka fito da gudu suna kallo. Ya sauka, ya cire hular kwano, ya durƙusa wa Lauwali a gaban kowa. Ya duba ajujuwa, ya saurari karatu, ya ce bai ga makarantar ƙauye da ta kai wannan ba a duk ƙasar Goronyo. Lauwali ya sa aka yanka masa zakara, suka ci tare, suka yi hirar mutanen da, waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Da yamma ya raka shi har bakin hanya, ya yi masa addu'a, kuma da gaske ya yi ta.

Ya tsaya har ƙarar babur ta ɓace. Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa, furfura ta cika masa gemu. Khadijatu na tankaɗe. Can sai ya ce, "Kin lura kuwa? Babur ɗin ga ba sabo na ba. Na hannu na."

Ta ajiye rariya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya harare ta, ya ce mene ne abin dariya, gaskiya ce ya faɗa, ai duk wanda ya dubi tayar baya ya san ta sha hanya.